Taken Babana a Layi na Uku

A shekarun da na yi ina kiran kaina injiniya, ba wanda ya taɓa neman in nuna masa takardar shaida, ni ma kuma ban matsa wa kaina da tambaya ba. Kayan aikina gaba ɗaya kwamfuta ce 'yar gwanjo, irin ta ɗorawa a cinya, wadda wani ɗan kawuna ya zuba mini manhajar haɗa kiɗa a cikinta a Kano, sai makirfo biyu, da fiyano mai haƙori ɗaya a maƙale. Na kama shago a bayan kasuwar kifi a Haɗeja, na manne bangonsa da kiret ɗin ƙwai daga ƙasa har rufi, na toshe tagar da tsohuwar katifa. Duk wanda ya yi minti goma a ciki zai fito sharkaf da gumi yana warin banda, ni kuwa in gaya masa ko a Turai haka situdiyo yake.

Karatun a waya na yi shi. Akwai wani Bature mai gemu da nake kallo, yana zaune a ɗaki mai sanyi da ganguna takwas a gabansa, kowace da makirfonta. Rabin Turancinsa wuce ni yake yi, amma abu ɗaya na kama da kyau. Ya ce kada ka riƙa fara aiki daga tushe duk lokacin da mawaƙi ya zo. Ka zauna sau ɗaya ka jera layukan da za ka ɗauki sauti a kansu, ka sa wa kowanne suna, ka daidaita ƙarfinsa, ka ajiye. Gobe in an zo, buɗewa kawai za ka yi ka ce a fara. Shi tamfilet yake ce wa abin. Ni shimfiɗa na raɗa masa, don aikin ke nan, ka shimfiɗa sau ɗaya kowa ya zo ya zauna.

Mako guda na yi ina haɗa tawa shimfiɗar. Tunda Baturen layi takwas gare shi, ni ma takwas na jera, duk da makirfona biyu ne. Layi na ɗaya kalangu, na biyu ƙwarya, na uku ganga, na huɗu tafi. Sauran huɗun babu komai a kansu, na bar su ne don kwarjini, in mawaƙi ya leƙo ya ga fuskar kwamfutar ta cika da launi.

Babbar matsalata maƙwabta. A damana mai injin markaɗe, a haguna masu fasa katakon banda, ga janareta, ga awakin unguwa da suka mayar da inuwar shagona majalisarsu. Duk wannan makirfo yana kwashewa ba ya zaɓe. Sai na gano manhajar tana da wani abu da aikinsa tare ƙaramin sauti. Kai za ka sa masa iyaka, ƙarar da ta kai iyakar ta wuce, wadda ba ta kai ba a rufe mata ƙofa. Mai gadi nake ce masa. Baturen ya ja kunne a sa shi bayan an gama ɗauka, yadda in ya yi ɓarna za a iya cire shi a sami sautin yadda yake. Kwamfutata ba ta da wannan ƙarfin, in na ɗora mata aiki da yawa sai ta fara shaƙuwa. Don haka na kafa mai gadina a bakin ƙofa, kafin sauti ya shiga, na kuma ɗaga iyakarsa sosai don ya iya da injin markaɗe. Abin da ya kora ya koru ke nan, ba a ajiye shi a ko'ina ba. Na gwada da wani mai kalangu, sauti ya fito tas, na ajiye shimfiɗar, ban sake duba cikinta ba.

Ba kuwa dalilin dubawa. Masu kiɗan da ke zuwa wurina duka suke yi kamar fatar ta zagi iyayensu, mai gadi bai taɓa tare ko bugu ɗaya nasu ba. Akwai kuma wani kiɗa guda da na ɗauka a kanta na ajiye, duk mawaƙin da ya zo ba makaɗi shi nake ɗora masa. Shimfiɗar nan ta aurar da amare ban san iyaka ba, sunan amarya kawai ake canjawa. Ta yi wa wani mai maganin basir daga Malam Madori talla. Wani mutumin Jahun ya zo da waƙar ta'aziyyar maigidansa, na buɗe masa shimfiɗar da kiɗan nan dai, aka ce da aka sa waƙar a gidan rasuwa har wata baƙuwa ta fara gyara ɗaurin zane za ta taka rawa kafin a taɓa ta.

Lokacin zaɓe ne abin ya fi armashi. 'Yan takarar kansila biyu na mazaɓa ɗaya suka aiko mawaƙansu rana ɗaya. Na safe ya roƙe ni kada in bari abokin karawarsu ya ji kiɗansu, na yamma ma ya zo da wannan roƙon. Na yi wa kowa alkawari, na kuma cika, don kiɗan ba na ɗayansu ba ne, nawa ne. Ranar da motocin kamfen ɗinsu suka haɗu a mararraba, kiɗan ya hau kan juna daidai, magoya bayan ɓangaren biyu suka yi rawa tare ta ɗan lokaci kafin su tuna gaba suke yi. Ko a nan ba wanda ya kawo mini ƙorafi. Mawaƙi in ya ji muryarsa tana amo a lasifika, ko kukan jaki ka sa masa a ƙasa zai ce aiki ya yi kyau.

A cikin wannan tashen ne Iya, mahaifiyata, ta kawo mini nata aikin.

Babana masunci ne, haifaffen wani ƙauye a fadamar bayan Kirikasamma, kafin ya dawo gari ya koma fataucin kifi. Ya rasu ina ƙarami. A zamaninsa, in ruwa ya ja baya, garuruwa kan taru a bakin tafki a yi su, wato kamun kifi na gayya. Makaɗi zai tsaya a kan gaɓa da gangarsa, ya kira manyan masunta ɗaya bayan ɗaya, ba da baki ba, da take. Kowane gwani yana da nasa kiɗan da aka san shi da shi, in ya ji sai ya ɗaga komarsa ta kamun kifi sama ya haye gora ya shiga ruwa. A irin wannan taron Iya ta fara ganin Babana, taken nasa ta fara ji kafin ta ga fuskarsa. Yanzu ciyawar kachala ta cinye tafkunan, 'ya'yan masunta sun koma noman shinkafa da injin ban-ruwa, ba wanda ake kira.

Wata rana da hantsi na shiga gaishe ta, na same ta zaune da kwano a cinya tana ƙwanƙwasa bayansa da yatsu, ta fara ta tsaya, ta fara ta tsaya.

Ta ce, "Tun rasuwar babanka takensa yana kunnena. Ina wanke-wanke ina jin sa, ina daka ina jin sa. Bana na neme shi na rasa. Farkon yana nan, amma in na zo tsakiya sai ya kuɓuce mini."

Na ce, "Tsufa ne, Iya, zai dawo."

"Ba zai dawo ba. Kullum raguwa yake yi." Ta ajiye kwanon. "Kai da ka ce injinka yana kama kiɗa, ka je ka nemo mini makaɗin babanka in yana raye. Ka sa mini a wayar nan in riƙa ji kafin ya tafi gaba ɗaya."

Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan ɓoye ba kuma cewa abin da ya fi yawa a raina daɗi ne. Shekara da shekaru Iya tana ce wa sana'ata kaɗe-kaɗen banza, ga shi yau ta zo layi.

Babur ya kai ni Kirikasamma, daga nan kwale-kwale, don ruwa bai gama sakin hanya ba. Na sami makaɗin a raye, tsoho siriri mai dogayen yatsu, yana zaune a gindin tsamiya yana gyaran ragar da ba na jin akwai inda za a jefa ta. Na tsuguna na gaishe shi, na gaya masa ɗan wane ne ni. Ya daɗe yana kallona, ya ce goshin ne kawai na ɗauko. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ajiye ragar.

"Ɗan nan, mu ba ma kaɗa taken wanda ya rasu. Take kira ne. Ubana bai taɓa kiran wanda ya san ba zai ɗaga koma ba, ni ma ban taɓa ba."

Na yi ta magiya. Na kawo zancen tarihi, na kawo zancen al'ada tana ɓacewa, duk abin da nake ji a rediyo na juye masa, bai ko ɗaga kai ba. Sai da na ce Iya ce take mantawa, kuma abin yana hana ta sukuni, sannan ya ɗago kai.

Ya ce, "Shekarar da ruwa ya ci garinmu, a zauren babanka muka zauna da iyalina har ƙasa ta bushe. Uwarka ba ta taɓa ba mu tuwo da ɓacin fuska ba. Zan kaɗa mata. Amma sau ɗaya. Ba gwaji, ba maimaici. In ka yarda, ɗauko wayarka, a kawo mini gangar in yi yanzu."

Da na ɗauko wayar nan da labarin ya ƙare a gindin tsamiya. Amma dariya na yi, irin ta mai ilimi a gaban wanda ba shi da shi. Na ce, "Haba Baba, waya? Ga iska, ga kaji, ga yara. Abu mai daraja irin wannan sai situdiyo. Can ko numfashin sauro ba ya shiga."

Ya ce to, ranar kasuwa zai shigo gari.

Ya cika alkawari, ya iso da safe da gangar a cikin buhu. Na ɗauka shiga za mu yi mu fara, sai ya fito da ita ya jingina a rana ya zauna kusa da ita. Ya ce ta sha raɓar ruwa a hanya, fatar ta saki, sai ta ji zafi za ta yi magana. Na ce akwai abin da zan murɗa a kwamfuta ya gyara wannan. Ya ce in murɗa wa kaina. Muka zauna fiye da awa ɗaya, yana taɓa fatar da ɗan yatsa lokaci-lokaci kamar mai duba ko tuwo ya nuna, ni kuwa ina kai da komo ina duba agogo, alhali ba wanda ke jirana.

Muna nan sai ga Iya ta sauko daga adaidaita, da mayafinta na zuwa suna, da kwanon fura a hannu. Ban gaya mata ranar ba, wajen masu kifi ta ji. Suka gaisa da tsohon gaisuwa mai tsawo, suka tambayi mutanen da rabinsu sun mutu. Da gangar ta nuna, ya ɗauka ya nufi ƙofa, Iya ta miƙe ta bi bayansa. Na sha gabanta.

"Iya, ba a shiga in ana ɗauka."

"A lungu zan zauna. Ba zan yi magana ba."

"Ba magana ba ce kawai. Tari, ko motsin mayafi, ko ki ji abin ya taɓa ki ki yi kuka, duk makirfo zai kwashe. Kuma sau ɗaya za a yi. Ki je gida, da la'asar zan kawo miki shi a wanke, ki ji sau dubu in kina so."

Ta ce ko a bakin ƙofa ne ta tsaya daga waje. Na ce ƙofar ma a toshe take, ba abin da za ta ji sai injin markaɗe, ga rana. Ta dubi tsohon, shi kuma ya dubi ƙasa, don ɗaki ba nasa ba ne, ya shige ciki ya bar mu. Ta miƙa mini furar ta ce a ba baƙo. Ni da kaina na tare mata adaidaita, ina jin na yi abin da ƙwararre zai yi.

A ciki na buɗe shimfiɗata, na kunna layi na uku, na kafa makirfo a gaban gangar. Na ɗora wa tsohon hedifon a kai. A shimfiɗar akwai ɗan ƙwas-ƙwas da ke bugawa a kunnen makaɗi don kada ya yi sauri ko ya yi nawa. Ya saurara kaɗan ya ce, "Wane ne wannan yake ƙwanƙwasa mini?"

Na ce, "Shi ne zai riƙa nuna maka lokaci, Baba."

"Shekararsa nawa yana kiɗa?"

Ya cire hedifon ɗin ya miƙo mini. Na kashe ƙwas-ƙwas ɗin, ina yaba wa kaina sauƙin kai, na ɗauka na gama cire duk abin da zai dame shi. Na roƙe shi ya ɗan buga in ga ƙarfin sauti. Ya ɗauki gula, lanƙwasasshiyar sandar kiɗan, ya sauke ta sau uku da ƙarfi. Launin kore ya tashi ya tsaya inda nake so. Na danne hedifon a kunnuwana biyu, irin mai toshe komai ne, abin da ya bi ta kwamfuta kawai kake ji. Na ɗaga masa yatsa.

Ya yi bisimilla ya fara. Gular ta sauka da wani irin nauyi da ban taɓa ji a ɗakin nan ba. Can sai kunnena ya yi tsit. Na ɗaga kai na ga ya ɗage gular, yatsun hannunsa na hagu suna tafiya a gefen fatar, idonsa a rufe. Na ɗauka lallashin gangar yake yi kafin ya ci gaba, irin na tsofaffi. Na mayar da ido kan kwamfuta, na ga layin ya miƙe sumul babu ko ɗigo, na ce a raina kai, mai gadin nan yana aiki, ko injin markaɗe bai leƙo ba. Gular ta dawo, sai shiru, ta sake dawowa, sai shiru mai tsawo. Haka har ya gama. Duka bai kai minti uku ba.

Ya zauna da gangar a cinya, idanunsa sun kaɗa. Na ce ko zai ji yadda ya fito. Ya ce shi da ya kaɗa me zai ji. Furar ma kurɓa biyu ya yi, ya mayar da gangar buhu ya tafi neman motar garinsu.

Na zauna na yi wa aikin kwalliya, na sa masa ɗan amo kamar a bakin ruwa ake yi. Har na yi wani da fiyano a ƙasa, na ga kamar ya yi yawa, na ajiye wa kaina.

Da la'asar na kai wa Iya. Ta yi alwala ta sauya zane kamar za ta karɓi baƙo. Na sa mata a waya na kunna, ta riƙe da hannu biyu. Da gular ta fara sai fuskarta ta saki, ta ce, "Shi ne, hannunsa ne." Sai shirun ya zo. Ta matso da wayar kunnenta. Gula, shiru, gula, shiru. Ya ƙare ta ce in sake. Na sake. Ta ce in ƙara murya, na ƙara har wayar tana rawa.

Ta ce, "Ina jin buɗe fagen. Wannan na kowa ne, duk masunci da shi ake fara masa. Sunan babanka ba a gula yake ba, a yatsu yake, a hankali ake faɗinsa, ƙasa-ƙasa. Shi ne ba na ji." Ta sa ɗan yatsa ta girgiza kunnenta. "Ashe kunnen nawa ma ya tafi ban sani ba. Yana ciki dai ko?"

A wannan lokacin na gane komai. Na ga yatsun nan suna tafiya a gefen fata, na ga layina sumul. Iyakar da na sa don injin markaɗe ta fi ƙarfin yatsun tsoho.

Na ce, "Yana ciki, Iya."

Ƙaryar da ta fi kowace muni a rayuwata ke nan, kuma ba ta yi mini wuyar fita ba ko kaɗan.

Na koma shago na buɗe aikin, na ja wuraren shirun na ƙara musu ƙarfi har iyakar abin da manhajar za ta iya. Babu komai, ko hucin janareta. Na kira ɗan kawuna na Kano, ya ce in a bakin ƙofa na sa mai gadin, to sai dai haƙuri, sannan ya tambaye ni wane wawa ne ya koya mini haka. Na ce wani Bature.

Iya kuwa ta tashi haiƙan neman maganin kunne. Ta ɗiga man kaɗanya mai ɗumi, ta ɗiga wani ruwa da maƙwabciya ta kawo. Duk wadda ta shigo gidan sai ta zaunar da ita ta kunna mata. "Ku da kunnenku yake da sauran ƙarfi, ku ji taken maigidana." Su kuma su karkata kai su saurari shirun nan, su ce Masha Allahu, Allah ya jiƙansa. Wata ma cewa ta yi ta gane shi sarai, tana yarinya ta sha ji. Ina tsaye ina kallon mutane suna yaba abin da babu shi, kuma ba ni da bakin yi musu dariya, don a wurina suka samo.

Daga baya ta ce in kai ta asibiti. Na kai ta. Ma'aikaciyar ta haska kunnen ta yi mata 'yan gwaje-gwaje, ta ce Mama kunnenki ya fi nawa. Muna fitowa Iya ta ce yarinyar ba ta san aikinta ba, a nemi babba. Ina riƙe da katinta, na ji kunya ta rufe ni har ba na iya haɗa ido da masu jiran layi.

Washegari na sake hawa babur, na sake shiga kwale-kwale, wannan karon ba kwamfuta ba makirfo, waya ce kawai a aljihuna. Na sami tsohon a inda na bar shi. Na kunna masa ba tare da na yi bayani ba. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Wannan ai sallama ce kawai. Ina babanka?"

Na yi masa bayanin mai gadi, yadda yake barin babban sauti ya wuce ya tare ƙarami. Ya tambaya wa ya sa shi a ƙofar. Na ce ni. Ya tambaya don me. Na ce don awaki da injin markaɗe. Ya jinjina kai kamar wanda aka gaya wa farashin gero.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka taimake ni. Ga waya, a nan gindin bishiya, yadda ka ce tun farko."

"Na gaya maka sau ɗaya." Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna mini. "Tun da na dawo daga ɗakinka hannun nan bai koma daidai ba. Kwana uku na yi ina ganin babanka a bakin gaɓa. Na karya abin da ubana ya hana ni don uwarka, ba zan karya sau biyu ba. Gangar ma na kwance fatarta."

Ya nuna mini da haɓa. Kututturen yana jingine a jikin rumbu, babu fata, an cika shi da irin shinkafa. Na ce ko da baki ne ya yi mini, in ɗauka. Ya ce da baki da hannu duk kira ne.

Da na miƙe zan tafi ya ce, "Ba komai, ai ita ta ji ko? Da ka hana ta shiga na ɗauka daga baya ka bar ta a bakin ƙofa. Don ita na ɗan ƙara wa yatsun nauyi."

Na ce, "Gida na mayar da ita, Baba."

Ya ɗauki ragarsa ya ci gaba da gyara. Ko sallamata bai amsa da ƙarfi ba.

Kwana biyu na yi ina zagaye gidanmu kafin in iya fuskantar Iya. Na same ta da safe tana tsince shinkafa a faifai, da auduga a kunne ɗaya. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na gaya mata duka, tun daga injin markaɗe har kututturen da ke jikin rumbu. Ban rage komai ba, har ƙaryar da na yi mata. Ba ta katse ni ba, hannunta dai ya tsaya a cikin shinkafar.

Da na gama ta sa hannu ta cire audugar, ta dube ta, ta ajiye a gefen faifai.

Ta ce, "Ashe kunnena lafiya yake."

"Lafiya yake, Iya. Ki yafe mini."

Ta jawo kwanon da ke kusa da ita ta kife shi, ta turo mini gabana.

"To ba komai. Kai ai kana ɗakin. Ko ba ka iya ba, ɗan kwatanta mini yadda tsakiyar take. In na ji bakin zaren zan kama sauran."

Na kalli kwanon. Na ce, "Hedifon ne a kunnena, Iya. Abin da kwamfuta ta ji shi kaɗai na ji."

"Ba ka ji ba?"

"Na dai ga yatsunsa suna motsi."

Kaza ta zo ta fara tsattsagar shinkafar, ba ta kore ta ba.

Ta ce, "An kira babanka a garin nan, ɗansa yana zaune a gabansa, matarsa tana cikin adaidaita, ba wanda ya ji."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro wayar ta miƙo mini. Ta ce in cire kiɗan, in mayar mata da karatun Alƙur'anin da yake ciki da, sannan in tashi daga hanya, rana tana yi kuma ba ta ɗora tukunya ba.